Hannun Tarakta a Kan Baba Garba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya riƙe hannuna ranar da na kasa riƙe shi da kaina. Sunana Yohanna, mutumin Kagoro, aikin tuƙi ya kawo ni Birnin Kabi.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka ba ni wata tsohuwar tarakta mai hannun haƙa a baya, muna sa kwalbatoci a hanyar Argungu. Tana haƙa lafiya lau, amma wajen juya hannun gefe ta fara yi mini tsiya. Da safe sumul. Da rana ta take, mai ya yi zafi, sai hannun ya riƙa sulalewa hagu shi kaɗai, ni ban taɓa libar da ke juya shi ba.

Babu abin da ban duba ba. Na ƙara mai, na bi tiyo ina neman yoyo, na wanke matatar mai. Makanikinmu ya ce robar cikin silindar juyi ce ta cinye, mai yana wucewa ta ciki, sai an aiko sabuwa daga Kaduna. Aiki kuma ba ya jira. Kullum na hau kujerar nan gabana faɗuwa yake, don akwai mutane a ƙarƙashina. Matata ta ce na rame kamar mai jinya.

To, ran nan muna haƙa kusa da fadamar Zauro, da azahar, sai gefen ramin ya zabtare. Helumanmu, wato shugaban leburori, Baba Garba, dattijon Argungu da ke kirana ɗansa, yana ciki. Yashi ya binne shi har ƙirji. Leburori suka faɗa da shebur, amma suna kwasa wani yana gangarowa, ruwa kuma yana tsattsafowa daga ƙasa. Dole a yanke tudun da ke damansa, kuma bokitin tarakta ne kaɗai zai iya da wuri. Kan Baba Garba kuwa yana hagu, daidai inda hannun ke sulalewa.

Ya ɗago ido ya ce, "Yohanna, mi kaka jira? Numfashi na ƙarewa."

Na ce, "Baba, hannun nan ba ya jin magana. Zan kashe ka."

Ya ce, "In ka bari, yashin ga shi ka kashe ni. Kira Ubangiji ka taɓa ƙarhenka."

Jama'a, yatsuna suka ƙi rufuwa a kan liba. Ban iya doguwar addu'a ba. Cewa kawai na yi, "Yesu, ni na kasa, ka riƙe mini hannun nan." Ina buɗe ido sai ga sarƙar da muke ɗaure hannun in za mu hau titi, tana kwance a ƙafata. Kullum ina taka ta, ban taɓa tunaninta ba.

Na diro, na ɗaura ta daga hannun zuwa ƙafar taraktar ta dama, na bar mata tsawon da zai kai tudun kawai. Na fara yanka. A ɗiba ta biyu hannun ya sulale kamar yadda ya saba, sarƙa ta miƙe ta yi ƙara, bokitin ya tsaya yana rawa, yashinsa na zuba a kafaɗar Baba Garba. Sarƙar ta riƙe. Na ci gaba da yanka ina kuka har yashi ya daina gangarowa, leburori suka jawo shi.

Da ya samu numfashi sai ya ce, "Kai ɗan ga, direba da kuka awa jinjiri?" Ya kama hannuna, ya daɗe bai saki ba.

Na gode wa Allah da bai bar jinin dattijon nan a kaina ba. Kai da ke zaune nan tsoro ya ɗaure maka hannu, kira Yesu ko da kalma biyar ce, sannan ka buɗe ido ka duba. Baba Garba ya ga jikokinsa, kuma har ya bar duniya Kirsimeti bai taɓa wucewa bai aiko mini kifin Argungu ba. Yabo ga Ubangiji. Amin.