Hon na Uku

Benci ɗaya ya haɗa su a rumfar mai wayarin mota a Gwammaja: Ɗalha direba, da wani dattijo da ya kawo gyaran fitila. Ana ɗaura wa a-kori-kurar Ɗalha sabon hon.

"Samari, na ga biyu a jiki. Na ukun na mene ne?"

"Baba, waɗancan na hanya ne. Wannan muryarsa sanyi gare ta, kamar sarewa."

"To wa za a busa wa?"

Ɗalha ya lumshe ido. "Akwai wani lungu a Kabara, mota ba ta shiga. Kullum bayan la'asar ta bakinsa nake wucewa. Sai in riƙa ganinta a raina tana tankaɗe a tsakar gida, ta jiyo shi, ta ajiye rariyar, ta ce wannan Ɗalha ne."

"Budurwa ce?"

"Matata ce, Mardiya. Wata biyu ke nan da ta yi yaji."

"Ka taɓa sauka ka shiga gidan?"

"Kunyar mahaifinta nake ji, Baba. Laifin nawa ne."

Dattijon ya gyara zaman hularsa. "Yaro, ko goma ka ɗaura, hon ba ya biko. Da ƙafa ake zuwa."