Gadon da Babu Riga a Kansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, masu girma 'yan kwamitin ladabtarwa da ke zaune a damansa, mai horar da 'yan wasanmu da mataimakansa, babban likitan tawaga, wanda a ƙarƙashinsa na yi aiki, iyayenmu maza da iyayenmu mata da suka ba mu aron 'ya'yansu, 'yan jarida, ƙannena 'yan wasa da ke zaune a sahun gaba da lambobin tagulla a wuya, da sauran jama'a, har da waɗanda suka rasa kujera suka tsaya a bakin ƙofa: ina gaishe ku gaba ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Ina godiya ga hukuma da ta ɗauki wadda bara ta gama karatu ta ɗora mata amanar ƙafafun yaran ƙasa. Yaran nan suna kirana Anti Likita, amma don kada wani ya tafi da kuskure, ni ba likita ba ce. Fannina shi ne kula da tsoka da gaɓoɓi: in ɗaure targaɗe, in sa ƙanƙara a kumburi, in ce wa Koci wane zai iya gudu, wane ya huta. Wannan gasa ita ce aikina na farko, wannan kuma shi ne tsayuwata ta farko a gaban manya, don haka idan murya ta yi rawa a yi mini afuwa.

Magana ta farko ita ce rahoton da aka umarce ni in bayar, kuma gajere ne. Gasa ce ta 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai, ƙasa da ƙasa. Mun je, mun fafata, mun dawo da matsayi na uku. Babu wanda ya karye, babu wanda ya kwana a asibiti. An sami targaɗe a idon sawu, an sami fashewar leɓe, an kuma sami ciwon ciki a ranar da wasu suka gano cewa abincin otal ba a auna wa mutum. Ba zan kama suna ba, tunda ga su nan suna sunkuyar da kai.

Amma idan na tsaya a nan na ce duk mun dawo lafiya, na faɗi abin da bai cika ba. Akwai wanda muka tafi da shi, yau ba ya cikin wannan ɗaki. Kun san shi: Katanga, mai tsaron baya, kyaftin ɗin da ya ja mu a dukan wasannin share fage. An dawo da shi gida tun kafin wasan farko saboda gwajin shekaru, kuma a wannan makon kwamiti zai zauna a kan shawarar a hana shi ƙwallo baki ɗaya bisa zargin ƙaryar shekaru. Na nemi izinin babban likita kafin in taɓa wannan batu, na nemi izinin yaron, na nemi na iyayensa. Duk sun ba ni.

Magana ta biyu: mene ne gwajin nan? Na ji ana cewa na'ura ta ƙirga shekarunsa. Na'ura ba ta ƙirga shekaru, ƙashi take gani. Ana sa wuyan hannun hagu a cikinta ta ɗauki hoto. A jikin yaro mai tasowa akwai 'yar tsaga kusa da ƙarshen ƙashin, ta nan ƙashi ke ƙara tsawo, idan girma ya kammala sai ta haɗe. Dokar gasar ta ce wanda tasa ta haɗe gaba ɗaya ba zai buga ba. Ta Katanga ta haɗe. Na ga hoton da idona, ba na musun wannan, ba na kuma cewa a karya doka. Yawancin waɗanda tasu ta haɗe sun wuce shekarun gasar, wannan gaskiya ne. Amma kuma gaskiya ne cewa akwai 'yan kaɗan da tasu kan haɗe da wuri, kamar yadda a aji guda wani kan riga sa'anninsa fitar da gashin baki. Hoton ya isa ya ce yaro ba zai buga wannan gasa ba. Hoton bai isa ya ce yaro maƙaryaci ba ne. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai rata, kuma a cikin wannan ratar rayuwar yaro take rataye.

Ban san shekarun Katanga ba. Ba na nan aka haife shi, ba kuma zan rantse a kan abin da ban gani ba. Abin da na gani kawai zan faɗa. Da safen ranar gwaji na shiga ɗakin da nake aiki, na tarar da rabin tawaga sun kewaye bokitin ƙanƙarata, kowa ya tsoma hannun hagu, suna rawar ɗari. Na ce me ke faruwa? Sai Gola, mai tsaron ragarmu, ya ce, “Anti Likita, an ce sanyi na hana abu tsufa. Ba shi ya sa ake sa nama a firji ba?” Kafin in buɗe baki Katanga ya shigo, ya ce, “Ku fitar da hannuwanku, marasa kunya! Wanda ya san ranar haihuwarsa me zai tsorata? Kai Gola, ko shekara za ka yi a firji wannan goshin naka ba zai koma na yaro ba.” Suka watse suna dariya. Da muka isa wurin gwajin, shi ya fara miƙa hannu. Na sani wannan ba hujja ba ce. Amma shi na gani.

Magana ta uku ita ce wadda ta fi tsaya mini a rai, wato yadda ya ji labari. Tawagarmu tana da tsari mai kyau. Ana gobe wasan farko, idan yara sun sauka cin abincin rana, Baba Mai Kaya, wanda ke kula da riguna da takalma, yakan bi ɗaki ɗaki ya shimfiɗa wa kowa rigarsa a kan gado, lamba tana kallon sama, domin yaro ya buɗe ƙofa ya yi arba da ita. Yaran kan yi maganar wannan rana tun muna sansani. A ranar, sakamako ya iso ga manya. Suka shiga ɗaki suna shawarar wa zai gaya wa Katanga, da wane irin lafazi. Niyyarsu alheri ce. Amma kafin a gama shawara an riga an aika wa Baba Mai Kaya cewa kada ya fitar da rigar Katanga mai lamba huɗu, ƙyallen kyaftin kuma ya kai wa Gola. Shi kuwa umarni ya bi, ba a gaya masa dalili ba.

Katanga da Gola ɗaki ɗaya suke. Suka buɗe ƙofa tare. Gadon Gola da riga, da ƙyallen kyaftin a kanta. Gadon Katanga babu komai sai zanen gado. Ya ɗauka tsokana ce. Ina baranda ina jin sa yana ƙwanƙwasa ƙofofi yana dariya, yana cewa, “Wanda ya ɗauke mini riga ya fito da ita tun muna mu biyu! Wasa bai kai nan ba.” Ya bi ƙofa bayan ƙofa, kowa ya leƙo sanye da tasa rigar, dariyar tana raguwa. Da ya iso inda nake tsaye ya daina dariya. Ya dubi fuskata, ya dubi wuyan hannunsa, ya ce, “Anti, me hannuna ya yi?”

Ba na ɗora wa kowa laifi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni ma kuwa ina cikin tawagar. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya shekara yana tare mana ƙwallo da ƙirji da goshi, gado ne ya ba shi labari, ba mutum ba.

Magana ta huɗu ta 'yan jarida ce. An rubuta cewa yaranmu sun buga gasar da farar filasta a wuyan hannun hagu, wasu suka ce asiri ne, wasu suka ce rauni muke ɓoyewa. Ni na ɗaura filastar, don haka waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kafin wasan farko Gola ya zo ya miƙo hannu ya ce, “Anti, ɗaure mini hagu.” Na ce ina ke ciwo? Ya ce, “Babu ciwo.” Na ce ai ba na ɗaure lafiyayyen hannu. Ya ce, “To duba bayana.” Na ɗaga kai, sai ga layi har bakin ƙofa, kowa ya naɗe hannun riga. Na kai maganar ga babban likita, ya ce in ɗaura. Alƙalin wasa ya duba, bai ga komai a ƙarƙashi ba, ya ƙyale. Babu laya, babu rauni. Ɗan'uwansu suka ɗauka suka shiga da shi fili ta hanyar da suka iya.

Da muka dawo na je gidan su Katanga. Mahaifinsa mai walda ne, shagonsa na ƙofar gidan a bakin titi. Tun kafin in ƙarasa na ji abin da unguwa ke yi wa yaron, domin wasu samari a kan benci suna hango shi ya leƙo suka ɗaga murya: “Kawu, ina jikoki? Kawu, yaushe za a fara biyan fansho?” Ya koma ciki. An ce ya daina fita da rana, ƙanwarsa kuma ta dawo daga makaranta da yagaggiyar riga saboda faɗa a kansa. Mahaifiyarsa ta zaunar da ni, ta kawo mini ruwa, sannan ta ce, “'Yata, ke kin yi karatu, ki gaya mini. Ni na yi naƙudarsa ko injin?” Mahaifinsa ya kashe wutar walda, ya ɗage baƙin tabarau zuwa goshi, ya ce a hankali, “Tun yana ƙarami yake ɗaga mini ƙarfe. Ko ni na tsofar masa da hannu?” Na ce, Baba, ban karanta haka a ko'ina ba, kada ka ɗora wa kanka. Ya gyaɗa kai, amma ban ga alamar ya sauke nauyin ba.

Ranka ya daɗe, roƙona ke nan. A riƙa yi wa yaranmu wannan gwaji a gida tun kafin su shiga sansani, domin rigakafi ya fi magani, kuma yaron da aka sallama a ƙofar gida bai sha kunyar wanda aka sauko da shi daga jirgi shi kaɗai ba. Idan sakamako ya zo, mutum ya fara gaya wa yaro, a ɗaki, ƙofa a rufe, kafin kowa ya taɓa riga ko ƙyalle. Ga kwamiti kuma, cikin girmamawa: idan an sami shaidar cewa Katanga ya yi ƙarya, ko wani ya yi a madadinsa, a yi hukunci, ni ce zan fara yin shiru. Amma idan hoton ƙashi ne kaɗai a gabanku, to ya riga ya karɓi hukuncin da hoton ya isa ya yanke: ya rasa gasar, ba kuma za ta dawo masa ba. Abin da ya wuce haka zato ne, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Ɗazu kafin in shigo na kira shi, na ce me kake so in faɗa wa manya? Ya ce, “Kada ki roƙa mini lambar tagulla, Anti, ban buga ba. Ki gaishe da yara. Ki tambayi Koci, ranar Litinin ana buɗe atisayen 'yan ƙasa da ashirin, can ai babu ruwansu da wuyan hannuna. In zo?” Na ce ban sani ba, ba na kuma faɗin abin da ban sani ba. Koci ya ce shi yana so, amma ba huruminsa ba ne yayin da magana ke gaban kwamiti. Yaron yana shagon mahaifinsa yanzu haka da waya a hannu, na yi masa alkawarin zan kira shi da zarar na sauka daga nan. Ranka ya daɗe, me zan ce masa?

Na'am, ranka ya daɗe? Ƙannena, ku yi haƙuri da tafin tukuna, ban ji ƙarshen maganar ba. Bari in maimaita a gaban jama'a don kada in kai saƙo da ƙari ko ragi: ya zo atisaye ranar Litinin, kwamiti kuma ba zai yanke komai ba sai ya zauna da shi da iyayensa ya ji daga bakinsu. Haka ne? To haka zan faɗa, ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba.

Allah ya saka wa shugaba da alheri, ya yi wa 'yan kwamiti jagora zuwa ga gaskiya, ko ta yi mana daɗi ko ba ta yi ba. Allah ya sanyaya zuciyar iyayen da ke jira. Allah ya tsare ƙafafun yaran nan da zukatansu, waɗanda suka buga da wanda bai buga ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

A yi mini izini in sauka, akwai mai jiran kira.

Na gode.