Yarinyar Bayan Ƙofa

A ɗakin jira na tasha, wata malamar makaranta ta kasa zama wuri ɗaya. An ce mata mahaifiyarta tana asibiti, ta yanki tikiti, amma sau biyu tana miƙewa za ta koma gida. Wani dattijo a gefenta ya ƙura wa talabijin ɗin bango ido, ana nuna fim ɗin yara.

"'Yata, me ya sa yarinyar nan take laɓewa a bayan ƙofa?"

"Wata na'ura ce ta mayar da ita shekara talatin baya, Baba. Waccan matar mahaifiyarta ce."

"Ta ga uwarta, ba za ta fito ta gaishe ta ba?"

"Dokar irin finafinan nan ke nan. In ka koma baya, ba ka magana da kowa, in ba haka ba komai ya lalace."

"A zamanin yarinyar, uwar tana raye?"

"Ta rasu."

"To me ya rage da zai lalace?"

Malamar ta juya tikitin a hannunta. "Abin ba sauƙi, Baba. Shekara shida ba ku ce wa juna uffan ba, sai kawai ka faɗo wa mutum? Me za ka ce mata?"

"Ɗazu talatin kika ce."

A waje aka fara kiran fasinjojin motarta.

"Sai ki ce mata ina wuni," in ji dattijon. "Sauran ita za ta faɗa."

Ta ɗauki jakarta.