Rigunan da Muka Mayar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Shugaban wannan taro, mai girma Dagaci, Malam Liman, shugaban makaranta da malamansa, iyayenmu mata, 'yan'uwana manoma, da ku 'ya'yanmu da muka taru dominku, assalamu alaikum.

Ina gode wa Allah da Ya nuna mana wannan rana ta rabon kyaututtuka, ina kuma gode muku da kuka bar masara a gona kuka amsa kira. Ni Almustapha da kuka ɗora wa shugabancin ƙungiyar iyaye ba ɗan boko ba ne, in na yi tuntuɓe a yi mini afuwa.

Magana ta farko, laifina ne, kuma da bakina zan faɗa. Kun san yadda muka saba: kowace damina kamfanonin taki da na maganin feshi kan raba mana riguna da huluna, mu saka mu shiga gona. To, da wani saurayi ya zo daga Funtua da korayen riguna, ya ce kyauta ce ga 'yan ƙwallon makarantarmu, ban tambayi komai ba. Na ga kore, na ce taki ne! Na sa masa albarka, har zakara na kama masa. Ashe kamfanin caca ne, irin wadda ake yi a waya a kan wasan ƙwallo. Malamai sun gane, amma suka yi mini kara saboda ni na kawo. Da hannuna na rataya wa 'ya'yanku tallar caca a ƙirji.

Magana ta biyu, abin da tallar ta yi mana. Jama'a, talla ba ta dukan yaro, ba ta zaginsa, sabo take yi da shi. Ya gan ta a bayan keken haya, ya gan ta a gidan kallon ƙwallo, ya gan ta a wayar yayansa, sai kuma ga ta a jikin gwanin da yake burin zama. Inna mai ƙosai ta bakin ƙofar makaranta ce ta fara lura. Ta tare ni ta ce, "Alhaji, yaran nan azumi suke yi ne? Ba mai sayen komai, sai dai su taru a kan waya ɗaya." Da muka bincika, muka tarar kuɗin ƙosan nasu suke zubawa a caca. Wallahi kunya ta hana ni cin tuwo.

Magana ta uku ita ce ta tsayar da ni a gabanku kaina a sama. Saura kwana uku a yi wasan ƙarshe a Funtua, wanda makarantar nan ba ta taɓa kaiwa ba tun da aka gina ta. Ba a shiga fili sai da riguna iri ɗaya, saurayin kuma ya ce in aka cire nasa, babu motar da ya yi alkawarin za ta kai su. Na tara yaran, na faɗa musu gaskiya, na ce guminsu ne, su zaɓa. Sai Awaisu, kyaftin ɗinsu, ya miƙe ya tuɓe rigar. Ya ce, "Baba, ƙanena ya ce in ya girma ba zai yi noma ba, caca za ta ba shi mota. A jikina ya gani. Gara a ce ba mu je ba." Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Muka tattara rigunan muka mayar wa mai su.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Madam Onyinye tela, haifaffiyar Funtua, ta ajiye ɗinkin biki ta zauna a kan keke. Iyaye mata suka kawo farin yadi. Ummaru direba ya sauke buhunan masara ya ɗebi yaran a motarsa. Suka je, suka buga, aka ci mu biyu da ɗaya. Ba mu kawo kofi ba, amma yaranmu muka kawo gida.

Awaisu, ku miƙe kai da 'yan'uwanka, jama'a su gan ku.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raba ku da neman na banza, Ya sa wa karatunku da amfanin gonarmu albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.