Kan Sarki da Gangar Jikinsa

Rabaran da dattawan ikilisiya, mai girma Mai Unguwa, tsofaffin ma'aikatan gidan waya da na reluwe da suka taso daga Sabon Gari, zumuntar mata, maƙwabtanmu Musulmi da suka bar shagunansu suka zo suka zauna da mu tun safe, ina gaishe ku. Mama Clara, sannu da haƙuri. Hephzibah, Brian, sannunku da rashi. Ubangiji ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Sunana Nelson Ishaya, tsohon malamin makaranta ne ni a nan Samaru. Da Rabaran ya ce ni zan yi magana a madadin jama'a, na so in ƙi. Wasunku sun san dalili, waɗanda ba su sani ba kuma za su ji kafin in zauna.

Baba Shekari Mordecai ya kasance ma'aikacin gidan waya shekara talatin da biyu. Mu da muka tashi a lokacin, kusan kowace wasiƙar da ta canza mana rayuwa ta hannunsa ta bi: takardar shiga makaranta, takardar ɗaukar aiki, labarin haihuwa, labarin mutuwa. Ya kasance yana gane rubutun mutane kamar yadda muke gane muryoyinsu. Tsohuwa takan zo ta tsaya a bakin taga, kafin ta buɗe baki ya ce mata ɗanta na Jos bai rubuto ba tukuna, amma na Inugu ya rubuto.

Da ya yi ritaya, sai ya kafa ɗan tebur a barandar gidansa, ya koma sana'ar da yawancinmu muke yi wa dariya, wato saye da duba tsofaffin kan sarki. Matasan da ke nan, kan sarki shi ne ɗan hoton nan da ake mannawa a jikin ambulan kafin a aika wasiƙa. Iyayenmu sun ba shi wannan suna ne saboda a zamaninsu kan sarkin Ingila ne a jiki. Sarkin ya tafi, sunan ya zauna.

Ya kasance mutum mai tsari a wannan aiki, har yakan ba mutum haushi. In ka kai masa kaya, ba zai taɓa da yatsa ba, sai da ɗan hantsaki. Zai fara kai kundin da aka jera su a ciki hanci, ya ji ko damina ta shige shi. Zai ɗauki kan sarki ya ƙirga haƙoran gefensa, ya juya baya ya ga ko an shafa masa gam na kanti, ya ɗaga a rana ya nemi tambarin da ke ɓoye cikin takardar. Daga nan ya ɗauko gilashinsa ya duba hatimi: wane gari, wace rana. Ya sha gaya mana cewa tsufa ba shi ne daraja ba, domin akwai waɗanda aka buga su miliyan-miliyan, ko sun shekara ɗari suna nan birjik. Abin da ake nema shi ne wanda ya yi ƙaranci, kuma yake lafiya, kuma yana zaune a kan ambulan ɗinsa.

Ya kasance ba ya sayen abu sai mai shi ya san abin da yake sayarwa. Madam Chinwe tana nan zaune, ta ba ni izini in faɗa. Bayan rasuwar mijinta ta kai masa kundi biyu. Ta buɗe masa shafukan da take alfahari da su, manya-manya masu tsuntsaye da furanni. Ya ce mata waɗannan ta ba jikoki su yi wasa. Sai ya zaro wasu ambulan uku daga baya, duk sun koɗe, masu hatimin ƙananan tashoshin jirgi da aka daɗe da rufewa. Ya ce waɗannan sun fi ƙarfin aljihunsa, ya rubuta mata sunan wani mai saye a Legas. Da ya so, da ya karɓe su a ranar a kan kuɗin cefane, ita kanta ta ce da godiya za ta bayar. Kuma ko da kun daidaita, sai ya kore ka gida ka yi kwana bakwai, ka karanta wasiƙun da ke ciki, in har yanzu kana son sayarwa ka dawo. Da yawa ba su dawo ba, shi kuwa murna yake yi. Mama Clara ta sha cewa ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa mai jin daɗin korar ciniki irin mijinta ba.

To, yanzu na zo kan nawa.

Mahaifina mai duba tikiti ne a reluwe. Ya rasu ina shekara bakwai. Duk inda jirgi ya kai shi, Minna ko Kafanchan ko Nguru, yakan rubuto wa mahaifiyata, ita kuma tana tarawa a gwangwanin biskit. Wasiƙa arba'in da ɗaya. Da ta rasu a 2009, gwangwanin ya zama nawa. Na ji ana cewa Shekari yana sayen irin waɗannan, sai na ce ni malami ne, ba zan kai masa kaya a hargitse kamar na 'yan gwangwan ba. Wata Asabar da rana na cika baho da ruwa, na zuba ambulan ɗin gaba ɗaya, da wasiƙun a ciki. Na ce ai gaisuwa ce kawai da zancen kuɗin abinci, me zan yi da su. Ruwan ya koma shuɗi saboda tawada. Na ɓare kan sarkin ɗaya bayan ɗaya, na shanya su a faranti, na kwashe jiƙaƙƙun takardun na zubar a bola. Don in ƙara burgewa, na je shagon kwamfuta a bakin jami'a aka yi mini lamineshin, kamar yadda muke yi wa takardar haihuwa da satifiket. Mu a nan, abin da muke ƙauna shi muke lulluɓewa da leda.

Na ajiye wa Shekari a tebur ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, bai ma ɗauki gilashinsa ba. Sannan ya ce:

"Nelson, ka kawo mini kan sarki. Ina gangar jikin?"

Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Ya ce ba wasa yake ba: ledar ta kashe takardar, ba za ta fita ba, hatiman da ke nuna gari da rana kuma sun tafi da ambulan. Ya ce ba zai iya saye ba, ba kuma zai bar ni in yaudari wani da su ba. Sai ya tambaye ni ko na karanta wasiƙun kafin in jiƙa. Wannan tambayar ce ta ƙona ni, domin ban karanta ba.

Jama'a, maimakon in ji kunya, sai na yi fushi. Na fita na ce Shekari ya raina kayana ne don in gaji in bar masa a banza. Na faɗa a wurin aski, na faɗa bayan sujada, na faɗa a ɗakin malamai. Bakin malami kuwa ana yarda da shi. Ba a jima ba aka fara kiransa Baba Ba-Daraja. Mama Clara ta ji wannan suna a taron zumuntar mata, daga bakin matan da ta yi wa girkin biki. Mutane suka rage kai masa kaya. Wasu suka sayar wa masu yawo da buhu, wasu suka ƙona a shara. Allah kaɗai ya san wasiƙun iyaye nawa suka salwanta a Sabon Gari saboda bakina.

Shekara ɗaya bayan haka na kai kayan Kaduna wurin wani mai irin sana'ar. Ko zama bai ba ni ba, ya faɗi abin da Shekari ya faɗa, sai dai shi da dariya ya faɗa. Na dawo a mota na san gaskiya. Ban gaya wa kowa ba. Shekara goma sha biyar muna haɗuwa a ƙofar wannan majami'a, ya ce "Malam, ina kwana," in ce "Lafiya," in wuce. Bai taɓa rama mini ba, ko sau ɗaya.

A 2019 ya aiko 'yarsa Hephzibah gidana, ta ce Baba ya ce in zo in ga wani abu. Na ce mata ina zuwa. Ya sake aikowa da Kirsimeti, ya sake aikowa bara da ciwo ya kwantar da shi. Ni a zatona so yake in je in durƙusa. Daga gidana zuwa nasa, Keke Napep ɗaya ne. Ban je ba.

Ranar Talatar da ta wuce, kwana uku bayan mun binne shi, Hephzibah ta zo ta miƙa mini wannan. Ga shi, ku gani. Ashe tun a 2019 ɗin iyalin marigayi Baba Ayodele, abokin aikin mahaifina, sun kai masa wasiƙun tsohonsu, a ciki ya ga ambulan ɗaya mai hatimin Nguru, watan Maris 1957. Ya gane rubutun. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana karanta adireshi, ya tuna hannun mahaifina daga wata tsohuwar takardar baftisma da ya taɓa gani a gidanmu. A ciki mahaifina yana roƙon abokinsa ya riƙa leƙa mahaifiyata, don haihuwa ta kusa, shi kuma aiki ya riƙe shi. Ya ce in namiji ne, a sa masa Nelson.

Shekari ya naɗe ambulan ɗin a farar takarda, ya rubuta da fensir a kai: "Kai da jiki. Ba na sayarwa ba ne. Na Nelson ne."

Mama Clara, ki dube ni. A gaban mutanen da na ɓata sunan mijinki nake faɗa: ƙarya na yi masa. Bai cuce ni ba, bai cuci kowa ba. Ni na lalata kayana da hannuna, shi kuwa gaskiya kawai ya gaya mini. Duk wanda ya taɓa kiransa da wancan suna, daga bakina ya ɗauka, ya dawo mini da shi yau. Ki yafe mini, in kin iya. A wurinsa kam na makara.

Hephzibah, Brian, kundayen babanku suna hannunku. Masu saye za su zo, wasu sun riga sun fara kira. Kada ku jiƙa komai, kada ku ɓare komai, kada ku kai shagon leda. Ku yi kwana bakwai ɗin da yake ba kowa, ku karanta tukuna. Mu kuma da muke da gwangwani a ƙarƙashin gado, mu je mu buɗe tun idonmu yana gani.

Muna godiya ga Rabaran, ga zumuntar mata da suka ɗauki nauyin abinci, ga duk wanda ya yi tattaki ya zo. Ubangiji ya kai kowa gida lafiya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da kake duba mutum ciki da baya, ka karɓi bawanka Shekari cikin hutawarka. Ka ta'azantar da Mama Clara da 'ya'yanta. Ka gafarta mana maganganun da muka yaɗa, da tafiyar da muka ƙi yi tun tana da amfani. Shekari ya adana abin da ba nasa ba shekara shida, har ya isa hannun mai shi lafiya. Kai ma ka adana shi haka. Cikin sunan Yesu, amin.