Kek Kafin Sakamako

A shagon kek na garin Darien, ranar da jami'a za ta saki sunayen yaran da suka nemi gurbi da wuri, Lorraine Babcock na riƙe da kwalinta a buɗe, tana ta duba waya. Mutumin da ke bayanta a layi ya leƙa kwalin, ya ja tsaki.

"Baiwar Allah, har da tambarin jami'ar a kan kek? Sakamakon fa sai yamma."

"Ita kaɗai ɗana ya nema, Malam. Ya yi alkawari in sun ɗauke shi ba ya zuwa wata."

"Kowa ma haka ya yi. 'Yata ma can ta nema, amma mu ba ma wannan rawar kai. Ku ne masu kafa wa yaro kyamara, ya fashe da kuka duniya na kallo."

"To ku me kuke yi?"

"Ni? Ko a jikina. Makaranta ai makaranta ce."

Kunya ta kama Lorraine, har ta fara rufe kwalin, sai mai shago ta ƙwala wa mutumin kira:

"Mista Hargrove, ga naka biyun! Mai 'Barka da nasara' a sama, mai 'Su suka yi asara' a ƙasa. Kar dai ka rikita su kamar na babban ɗanka bara."

Lorraine ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Ko a jikinka, lallai. Ni dai guda ɗaya na yi, Malam. Ban toya wa ɗana faɗuwa ba."