Bitrus ya ce in koya masa tuƙin keke

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sabi'u ne mai Keke Napep daga Kudenda.

Ni allo kawai na yi, amma maƙwabcina Bitrus digiri gare shi a kan kiwon kifi, kuma shi ya zo na ɗaya a ajinsu. Kullum cikin tsokanarsa nake. Har tarwaɗa na taɓa kai masa a bokiti, na ce zazzaɓi take yi ya duba ta. Ya yi dariya ya ce, "Sabi'u, Allah ya shirye ka."

Burinsa ya samu tallafin digiri na biyu, irin wanda ake ɗaukar nauyin mutum, ya binciko abin da ke ƙarar da kifi a kogin Kaduna. Bara ya nema, malamin da zai tsaya masa ya bar ƙasar, ko waya ba ya ɗauka. Bana ya samu wani malamin, sai aka ce shekarunsa sun wuce. Yajin aikin jami'a ne ya cinye su.

Ranar Asabar ya same ni ina wanke keke. Na ce, "Likitan tarwaɗa, ina zuwa?" Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Koya mini tuƙi."

Malam, mun fara, kuma wallahi hannunsa ya faɗa da wuri, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Don Allah masu sauraro, akwai inda ba a duba shekaru? In babu, ku faɗa mini gaskiya in nema masa keke.